Wutar da Aka Shimfiɗa wa Tabarma

A Hijalkandi, matata Rangmala ce ta fara cewa itatuwa suna mutuwa. Ni ban lura ba, don ni mutumin kwalekwale ne, idona kullum yana kan ruwa da kan fasinja. Wata rana da hantsi tana shanya kifi a bayan gida sai ta ƙwala min kira.

"Uban Shefali, zo ka ga wani abu."

"In kyanwa ce ta sake ɗauke miki kifi, ni ba alƙali ba ne."

"Kai dai taso mana, sarkin surutu."

Na je. Ta nuna min jerin itatuwan hijal da kakana ya dasa a gindin tudunmu ta kudu. Biyu daga ciki sun yi rawaya tun daga sama, alhali ba lokacin zubar ganye ba ne. Ta kankare ɓawon ɗaya da farce, cikinsa a bushe ƙamas.

Gidanmu ne na ƙarshe a kan tudun ta wannan ɓangaren. Da rani hawor, wato babbar fadamar da ta kewaye mu, gonar shinkafa ce iya ganinka. Da damina ruwa ya hau, ƙauyen ya koma tsibiri, iskar kudu kuma ta taso da igiyar da muke ce wa afal, wadda ba ta da aiki sai gatsar tudu. Kowace shekara muna kafa shingen gora, mu cusa ciyawa da kainuwa, amma kowa ya san wannan lallashi ne kawai. Hijal ne ke karya afal kafin ta iso. Ranar da babu hijal babu gidanmu, bayan namu kuma sai na maƙwabci.

"Tsutsa ce," na ce mata.

"Tsutsar da ta san ta fara da itatuwan da ke kusa da gangar Inna? Lallai wannan tsutsa ta yi makaranta."

Gangar Inna labarinta daban. Shekarun baya wani kamfanin gas ya haƙa rijiya can ƙetaren hawor. Suka yi wata da watanni suna dukan ƙasa har kwanuka na rawa a ɗaki, suka ja bututu ya bi ta gefen gonakinmu ya nufi birni, suka tattara suka tafi. Ko gida ɗaya ba a ba wa gas ɗin ba. Da ruwa ya janye sai tafkin masallaci ya fara ɓulɓulowa kamar tukunyar da ta kusa tafasa, famfon unguwa kuma ya riƙa gyatsa. Wani ya kunna taba a kusa da shi ya rasa gira da rabin gashin baki, aka daɗe ana dariya.

Mata ne suka gane amfanin abin. Duk inda ƙasa take huci a tsakar gida sai a kifa tsohuwar ganga a wurin, a binne rabinta, a huda ta a sa tiyo, a ja tiyon zuwa murhu. Kana ƙyasta ashana wuta shuɗiya za ta kama, ba hayaƙi ba toka, ba kuma ranar ƙarewa. Kafin ka ce me, kusan kowane gida da gangarsa.

Ban ga laifinsu ba, har yau kuma ban gani ba. Itacen girki ba mu da shi. Kashin shanu ake mulmulawa a jikin kara a shanya, sai tattakar shinkafa, in damina ta jiƙa su mace ta durƙusa tana hurawa tana hawaye. Mahaifiyata, Inna Alekjan, tun tana amarya take shaƙar hayaƙin nan har ya cinye mata ƙirji. Akwai shekarar da ta riƙa tari da jini. Rangmala ce ta bar ɗakinmu ta tare a nata, tana dafa mata ruwan citta tana shafa mata mai a baya, har aka samu kanta. Da wutar ƙasa ta zo, tari ya lafa. Inna ta yi kumatu, ta koma zagin mutane da cikakkiyar murya. Kyautar Allah take ce wa wutar, duk wanda zai kira ta da wani suna kuwa sai ya shirya.

Su biyun nan faɗansu ba ya ƙarewa, in ka shiga tsakani kuma kai za su haɗu su cinye. Inna tana ce mata 'yar boko, ita kuma a bayan ido tana ce wa Inna Gwamnati. Amma ganyen pan da Inna take taunawa kamar goro, in ba Rangmala ce ta naɗe shi ba, sai ta ce ba shi da daɗi.

Ana nan sai labari ya zo cewa kamfanin zai haƙa rijiya ta biyu, wannan karon a bakin gonakinmu, inda in ka yi kira daga can za a ji ka a masallaci. Malam Nirmal, wanda yake koyar da 'yarmu Shefali a firamare, shi ya gaya wa Rangmala cewa akwai ƙauyukan arewa da gas ya bi ta ƙarƙashinsu ya kashe lambuna tun daga saiwa. Shi ke nan, aka kunna ta. Ta shiga gida-gida, ta shiga ƙauye-ƙauye. Ranar kasuwa na kwashe mutanen da ta tara a jirgina zuwa gari, suka jeru a bakin titi gaban ofishin hukuma suna riƙe da hannun juna, Musulmi da Hindu, masunta da manoma. Matata da ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban maza ba, sai ga ta da lasifika a hannu.

"Gas ɗinmu yana dafa shayin birni," ta ce, "mu kuma an bar mana yoyon. Ku fara toshe ta farko kafin ku haƙa ta biyu!"

Wallahi na ji daɗi a ranar, har na manta an bar ni da gadin takalma.

A teburin mai shayi kuwa na sha baƙar magana. Baffa Sonafar, ƙanin mahaifina, mai garken agwagi, shi ne limamin masu tsokana.

"Manfar, yau ma shugabar ƙasa ta ba ka izinin fita? Ku matsa wa mijin-ta-ce ya zauna."

"Baffa, ai gara ni, mutum ce take juya ni. Kai fa agwagi ne."

Aka kwashe da dariya, ya jefo min ɓawon ayaba. Amma da ya gama dariyar sai ya sassauta murya. "Ka ja wa matarka kunne. Rijiya dai ta hana, ba wanda yake son ta. Gangunan nan kuwa ta bar su inda ta gan su."

Abin da Inna ma ta faɗa ke nan, sai dai ita ba ta sassauta komai ba.

"Ke 'yar boko, sabuwar rijiya ki hana su, Allah ya ba ki sa'a. Amma ki cire bakinki daga gangata."

"Inna, ai gangar ce hujjar. In ban nuna musu ƙasa tana yoyo ba, me zan nuna?"

"Nuna musu itatuwan."

"Za su ce tsutsa ce, kamar yadda ɗanki ya ce."

"To, yau dai ɗana ya fi ki hankali. A rubuta ranar."

Rangmala ba ta fasa ba. Sai da ta sa takalmanta suka cinye a hanyar ofisoshi, ita da Malam Nirmal, har aka ce za a turo kwamiti daga birni su gani da idonsu. In sun ga abin da ya isa, a dakatar da rijiya ta biyu, a turo masu na'ura su bi yoyon. Ranar da ta dawo da labarin ko mayafi ba ta cire ba ta shiga zagaya gidaje tana sanarwa.

Labarin bai kwana ba wani ya biyo bayansa. Wani ya ji daga wani cewa a wani ƙauye da hukuma ta tarar da ganguna an tumɓuke su, an zuba siminti a wurin, an ci mutane tara, har an tafi da magidanta ofishin 'yan sanda. Inna ta tsare Rangmala a bakin murhu.

"Ki faɗa min gaskiya. In sun gani, za su toshe?"

"Maganar kamu ƙarya ce, Inna. Amma toshewa za su toshe, ba zan ɓoye miki ba."

Inna ta kalli wutar, ta rage ta da hannunta. Ni da na san ta, wannan ya fi zaginta ba ni tsoro.

A wajenmu in manyan baƙi za su zo, mata sukan kwaɓa laka da kashin shanu su yaɓe tsakar gida da gindin bango da murhu, komai ya fito sumul. Ana gobe kwamiti zai zo, duk inda ka leƙa mace ce a durƙushe da ƙwaryar laka. Rangmala ta dawo tana murmushi.

"Ka gani? Ka ce ba za su yarda ba. Ga shi har kwalliya suke yi wa baƙina."

Da sassafe muka tafi gari ni da ita don ɗauko su. Mutum uku ne, shugabansu dattijo mai furfura da sanyin magana, wanda ya cire takalmi kafin ya shiga jirgina. Ba ni da abin da zan faɗa a kansa sai alheri. Duk tsawon kogin Rangmala tana ba su labari, tafki kaza, famfo kaza, ganguna a kowane gida, ku da kanku za ku ƙyasta ashanar.

Muna karyo kwanar ƙarshe na hango hayaƙi. Ba daga gida ɗaya ba, daga kowane rufi, fari mai kauri, ya kwanta a kan ƙauyen kamar yadda yake yi lokacin ina yaro. Rabon da in ga hayaƙi a Hijalkandi har na manta. Na waiwaya, na ga Rangmala ta damƙe gefen jirgi da hannu biyu, maganarta ta tsaya a tsakiya.

Tafkin masallaci aka fara zuwa. Baffa Sonafar ya koro garkensa gaba ɗaya ya zuba a ciki. Agwagi suna nutso, suna fuka-fuki, suna kuka, ruwan ya dame ya koma kunu. Ko kifin da ya kai mutum ne yake numfashi a ƙasa ba za ka ga kumfarsa ba.

"Baffa, ka fitar da su mana!" na daka masa tsawa.

"In kai su ina, ɗana? Dabba ba ta san kwamiti ba, ƙishirwa ta sani."

Famfon unguwa an cire masa hannu an ɗaure kansa da buhu. Wai tun bara ya lalace. Muka shiga gida na farko, babu ganga. Inda take jiya an yi wani ɗan dakali sabo fil, an baza barkono a kai yana shan rana. Gida na biyu dakali da busasshen kifi. Na uku dakali da tsohuwa a zaune tana jan carbi. An zare tiyo, an toshe hudar da laka, an yaɓe gangar har ta ɓace, ƙauye kuma ya cika da warin sabon yaɓe da hayaƙi. Matan da suka riƙe hannun Rangmala a bakin titi suka ja gefen sari, dogon zanen da suke ɗaurawa, suka rufe fuska.

"Wace wuta kuma? Mu dai ga abin da muke girki da shi."

Rangmala tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai tashin mara lafiya. Ba wadda ta ɗago.

"Mu je gidanmu," ta ce wa shugaban.  "A gidanmu ba za a ɓoye ba."

A gidanmu aka fi ɓoyewa. Inna ta yi dakalin da ya fi na kowa faɗi, ta ɗauko tabarmar aurenta, mai laushin nan da ba ta taɓa bari wani ya taka ba, ta shimfiɗa a kai. Ta tari shugaban da fara'a, ta kama hannun rigarsa ta zaunar da shi daram a kan gangar. Rabin ƙauyen ya biyo mu ya cika tsakar gida.

Na yunƙura zan yi magana. Inna ta zo wucewa da tiren shayi, ta tsaya dab da kafaɗata, ko kallona ba ta yi ba.

"Ka taɓa tabarmar nan, ko ka buɗe baki a kanta, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Duk wanda uwa ta haifa a hawor ya san inda maganar nan take tsayar da mutum. Nan ta tsayar da ni.

Ƙaramin cikin baƙin ya zaro taba ya laluba aljihu yana neman ashana. Inna ta yi wani tsalle da ban san tana da shi ba, ta fizge tabar daga bakinsa.

"Ba a sha a gidana! Gidan salla ne nan!"

Mutane suka tuntsire da dariya, dariyar da ta fi ƙarfin abin da ya faru, baƙon ya yi ta ba da haƙuri. Inna ta koma madafa ta durƙusa gaban kashin shanun da ta aro, tana hurawa. Ta dafa shinkafa da kifi da miyar wake yadda ake yi wa surukai. Kafin ta sauke, tarin ya dawo. Wannan kam ba wasan kwaikwayo ba ne, na san sautinsa. Ta fito da kwano a hannu, idanu jajur, hawaye har haɓa, tana tari tana dafa bango.

Shugaban ya miƙe rabi ya karɓi kwanon da kansa. "Sannu, Inna. Haka kike fama kullum?"

"Tun ina amarya, ɗana."

Ya girgiza kai, tausayi ya kama shi da gaske. Sannan ya juya ga Rangmala.

"'Yata, mun zaga, ba mu ga abin da kika faɗa ba. Ban ce kin yi ƙarya ba. Ganga ɗaya kawai nake so ki nuna min, ɗaya tak, in tsayar da aikin nan da hannuna."

Tsakaninta da tabarmar bai fi ta miƙa hannu ba. Abin da ya rage kawai ta ce masa ya tashi, ta ɗaga gefe, ta sa dunduniya a yaɓen da ko bushewa bai gama yi ba. Na ga ta matsa. Na ga yatsunta sun buɗe.

Baffa Sonafar ya yi gyaran murya daga bayan taro. "In akwai ai sai ta nuna. Sai dai in so take ta ce surukarta maƙaryaciya ce, a gidanta, a gaban baƙi, da abincinta a hannunsu."

Tarin Inna ya sake tashi. Ta jingina da ƙofar madafa tana goge ido da gefen sari, tana kallon Rangmala. Ba harara ba ce. Da harara ce da Rangmala ta iya da ita, ta saba. Kallo ne na tsohuwar da take jin tsoro, kuma ban taɓa ganin tsoro a fuskar Inna ba sai ranar.

Rangmala ta daɗe a tsaye. Sannan ta ja sarinta ta rufe kai har goshi.

"Ku zo ku ga itatuwan," ta ce.

Suka je suka gani. Suka tsinki ganye suka sa a leda, suka kankari ɓawo. Shugaban ya ce abin tausayi ne, amma hijal yakan yi haka in tsutsa ta shige shi. Na mayar da su gari ni kaɗai, ita ba ta biyo mu ba.

Kafin in dawo da la'asar an farfasa dakalai, an mayar da tiyo, hayaƙi ya washe. Mata suna ta shewa a bakin famfo, kowace tana ba da labarin yadda ta yi wa mutanen birni wayo. Baffa ya sha shayi kyauta har sai da cikinsa ya ƙulle. A gidanmu Inna ta naɗe tabarmarta ta kunna wutarta shuɗiya. Rangmala ta naɗe mata pan kamar kullum, ta ajiye a gabanta, ta shige ɗaki.

Sakamakon da ya fito bai ba kowa mamaki ba. Ba a ga alamar yoyo a Hijalkandi ba, an dai ga mutane suna fama da hayaƙi. Kafin ruwa ya hau aka kafa ƙarfen rijiya ta biyu. Rangmala ta koma ofisoshin nan, amma yanzu ita ce matar da ta tara manya a kan abin da babu. Masu gadi suka daina ba ta kujera. 'Yan jaridar da suka ɗauki hotonta a bakin titi suka daina amsa wayar Malam Nirmal. Abin da ya fi ci min rai, ko sau ɗaya ba ta ce wa wani a waje mutanenta ne suka yi ƙarya ba.

Daga nan ƙasa ta buɗe baki. Inda da ake samun huci a wuri ɗaya, ya koma ko'ina. Shinkafa ta riƙa ƙonewa tsibi-tsibi a tsakiyar gona. Kifin tafkin masallaci ya taso ciki sama. Agwagin Baffa suka daina ƙwai, ya sayar da su a wulaƙance, ya daina zuwa teburin mai shayi. Hijal kuwa suka bi juna, daga na kusa da gangar Inna har na ƙarshen jeri, suka tsaya tsirara. Muka dasa sababbi, suka mutu kafin su kai gwiwa.

Sai a lokacin matan suka fara sallama a ƙofarmu. "Uwar Shefali, ki taimaka ki sake kiran mutanen nan. Wallahi wannan karon za mu nuna musu."

Ni da a ce ni ne da na kore su da muciya. Ita sai ta ɗauki mayafi ta tafi. Ba a saurare ta ba sai da madafar wani gida ta kama da wuta da rana tsaka, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Sannan masu na'ura suka zo, suka tumɓuke gangunan duka, suka zuba siminti. Ba a kama kowa ba, ba a ci kowa tara ba. Wutar da aka yi ƙarya dominta ta tafi, rijiya ta biyu tana nan tana aiki, Inna ta koma gaban kashin shanu. Masu na'urar suka ce ƙasar gindin tudun ta riga ta sha gas, sai an yi shekaru kafin wani abu ya sake tsira a wurin.

Afal ba ta jira shekaru ba. Daminar da ta biyo baya iskar kudu ta taso da azahar, ruwa ya zo kai tsaye ta tsakanin matattun itatuwa. Muka shiga ruwa har ƙirji, ni da maƙwabta, muna danna gora muna cusa kainuwa, igiya tana kwashewa kamar ana ba ta. Kafin la'asar ta cinye wurin shanyar kifi. Washegari madafa ta rufta. Da na ga tsaga ta shigo har ƙarƙashin gadon Inna, na aika aka kira masu taya ni kwance kwanon rufi.

Yayan Rangmala yana da ɗan fili kusa da hanyar mota, ya ce mu zo mu kafa rumfa. Muka loda gidan da aka haife ni a cikin jirgin da nake ɗaukar fasinja, kwano da ginshiƙai da tukwane da kaji a kwando. Shefali ta riga ta tafi da kayan farko. Baffa Sonafar ya zo ya kama min ginshiƙi ɗaya muka ɗora. Gidansa ne na uku daga namu.

Inna ce ta shiga ƙarshe. Ta zauna a kan ƙunshin kaya ta ba wa ƙauyen baya, Rangmala tana gefenta riƙe da lema. Na tura jirgi. Mun yi nisa, injin yana ruri, Inna tana tari. Baƙin ciki ya cika min ciki har ban san da wa zan yi fushi ba, da kamfani, da Baffa, da uwata, ko da ruwan.

Can sai Inna ta ce, "Ke 'yar boko."

"Na'am, Inna."

"Shi wancan mijin naki na ɗaure shi da nono. Ke ban shayar da ke ba. Me ya hana ki ɗaga tabarmar?"

Na rage injin. Rangmala ta gyara riƙon lemar.

"Da na ɗaga, Inna, da kin yafe min?"

"A'a," in ji Inna. "Da ban yafe ba. Da har in mutu ban ƙara cin abin hannunki ba." Tari ya tare ta, ta jira ya wuce, ta goge baki. "Amma da a cikin gidana nake fushi da ke."

Rangmala ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka fara rawa. Inna ta karɓi lemar daga hannunta ta riƙe musu su biyu, ni kuma na ƙara wa injin wuta.